Manhajar bin sawun abin hawa mai lantarki: inda matsala ke ɓuya da yadda ake gano ta

Motar da ke tafiya da lantarki zalla har yanzu baƙuwa ce a hanyoyin jihar Maraɗi, balle a gundumar Dakoro. Amma kayan da ke cikinta sun riga ta isowa. Batirin litiyom ya shiga gidaje da shaguna tare da faifan sola, ana sayar da babura da kekuna masu ƙafa uku masu caji a manyan kasuwanni irin na Kano da Yamai, masu ba da moto haya ga ƴan kabu-kabu kuma sun san ƙaramar na'urar GPS da ake ɓoyewa a ƙarƙashin sirdi. Duk waɗannan ta salula ake duba su, da wata manhaja wadda galibi ba kamfanin da ya ƙera abin hawan ne ya yi ta ba.

Ranar da manhajar ta daina nuna gaskiya, abin ba ya tsayawa a allon waya. Mai moto ya ga an ce motonsa ta yi tafiya da tsakar dare, ya zargi yaron da ke tuƙa ta. Mai keke ya ga caji ya faɗo daga kashi 40 zuwa sifili, ya sayi sabon batir da kuɗi masu yawa alhali tsohon lafiyarsa ƙalau. Wani kuma ya kama hanyar Maraɗi, kimanin kilomita 120, don gyaran da bai wuce saka kuɗi a layin waya ba. Bayanan da ke bayyana a allo suna ratsa hannuwa da yawa kafin su iso, kuma akasari ɗaya daga cikin hannuwan ne ke sakin su, ba injin abin hawan ba. Abin da ake bukata shi ne a bi su ɗaya bayan ɗaya, a fara da mafi araha.

Dalilin da ya sa batun ke matsowa kusa

Tsadar mai da ƙarancinsa ne ke tura mutane. Tun da Najeriya ta janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, man ƴan ruwa-ruwa ya daina zama mai arhar da aka saba da ita a Maraɗi. A watan Yuli 2024 gwamnatin Nijar ta sauko da litar fetur zuwa sefa 499, amma a watan Maris 2025 an ga dogayen layuka a gidajen mai na ƙasar. A maƙwabta kuwa abin ya fara nisa. A shekarar 2021 an buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, motocin haya masu lantarki na yawo a Maiduguri, kamfanin Spiro ya baza dubban babura masu batir a Benin da Togo, ƙasar Habasha kuma ta hana shigo da motocin gida masu shan mai tun 2024.

A abin hawa mai lantarki, batir shi ne kaya mafi tsada, kuma ba a leƙa cikinsa kamar tankin mai. Manhaja ce idon mai shi. Shi ya sa sanin lafiyar idon yake da muhimmanci.

Manhajojin iri uku ne

Kafin a taɓa komai, a fara sanin wace iri ce ake riƙe da ita, domin kowace da tata cutar.

Ta farko ita ce mai magana da abin hawa kai tsaye ta Bluetooth. A mota, ana soka wata ƙaramar na'ura a ramin OBD, wani rami mai haƙora 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda aka wajabta a motocin Amurka tun 1996. Manhajoji irin su Car Scanner da Torque, ko LeafSpy na motar Nissan Leaf, ta nan suke karanta bayanai. A babur da keke da batirin sola, manhajar tana magana ne da allon da ke tsaron batir, wanda ake kira BMS, kamar na kamfanonin JK, JBD da Daly. Wannan iri ba ta bukatar intanet, amma sai mutum yana kusa, cikin ƴan mitoci.

Ta biyu ita ce ta na'urar GPS mai ɗauke da layin waya a cikinta. Na'urar tana sanin wurin da take daga taurarin ɗan Adam, ta aika ta rezo zuwa wata babbar kwamfuta mai tara bayanai, wadda masu fasaha ke kira saba, galibi a China ko Turai, daga can manhajar ta ɗauko. Ita ce aka fi samu a wajenmu.

Ta uku ita ce mai shiga asusun mutum na kamfanin motar, ta ɗebo abin da motar da kanta ke aikawa. TeslaFi, TeslaMate da Tessie na motocin Tesla ne, shi kuma A Better Routeplanner yana aiki da motoci iri-iri wajen tsara tafiya da wuraren caji.

Tambayoyi uku na farko

Yaushe ne manhajar ta nuna bayani sahihi na ƙarshe? Kusan dukansu suna rubuta rana da sa'a, kuma wannan lokacin shi ne bakin zaren. Me ya canja a ranar? An sake waya, an sabunta manhaja, an kai abin hawa gareji, an wanke shi, ko kwanakin intanet ɗin layin ne suka ƙare? Sannan a gwada da wata wayar. In ta biyun ta nuna daidai, laifin ta farko ne, babu ruwan abin hawa. In duka biyun sun gaza, sai a matsa gaba.

Ƙa'ida guda: a canja abu ɗaya, a gwada, kafin a canja na biyu. Wanda ya taɓa abu biyar a lokaci guda, ko ya dace, bai san wanne ne ya yi maganin ba, gobe kuma ya koma gidan jiya.

Idan allo ya ce «hors ligne»

Wannan ita ce ƙorafin da ta fi yawa a na'urar GPS. Ma'anarta saba ta daina jin na'urar, ba lalle an sace abin hawa ko an cire na'urar ba.

Gwaji mafi sauƙi shi ne a buga lambar layin da ke cikinta. In ta shiga, akwai wuta kuma akwai rezo, matsalar ta intanet ce. In an ce a kashe take, ko dai wuta ta yanke, ko abin hawan yana inda babu rezo, ko kuma an rufe layin.

A ɓangaren intanet, na'urar ba ta cin mega da yawa, ƴan goma-goma kan ishe ta wata guda. Abin da ke kashe ta shi ne ƙarewar kwanaki: mega na nan, wa'adi ya cika. Layin da ya daɗe ba a saka masa kuɗi ba kuma kamfani na iya rufe shi, har ya ba wani lambar. Don haka a yi wa layin rajista da sunan mai abin hawa, ba da sunan wanda ya ɗaura na'urar ba, a rubuta ranar sabuntawa. Kafin a saka sabon layi, a cire masa lambar PIN a cikin wata waya, domin na'urar ba ta da yatsun danna ta. In an sauya kamfani, misali daga Airtel zuwa Moov Africa, Zamani Telecom ko Niger Telecoms, dole a sake saita sunan ƙofar intanet, wato APN, ta hanyar saƙon SMS da takardar na'urar ta bayyana. Kowane kamfani da nasa. Akwai kuma kuɗin shekara na ita kanta sabar: da yawa suna ba da shekarar farko kyauta, ta biyu su rufe ba sallama.

A ɓangaren rezo, mafi yawan na'urori masu arha da 2G suke aiki. A kan kwaltar Maraɗi zuwa Dakoro ta Sabon Mashi da Kornaka za a iya samun giɓi nan da can, amma wanda ya nausa arewa, ta kwarin Tarka zuwa Bermo da Gadabeji, zai daɗe bai haɗu da eriya ba. Na'ura mai kyau tana ajiye wuraren da ta bi a cikinta, ta aika su in ta dawo rezo. Marar kyau tana zubar da su. A tambayi wannan tun wajen saye. Wanda ya tsallaka iyaka ta Ɗan Isa zuwa Jibiya kuwa, layinsa na Nijar sai an buɗe masa aiki a ƙasar waje.

A ɓangaren wuta, a duba fiyus da mahaɗar wayoyi, waɗanda girgizar hanyar burji ke sassautawa. A nan akwai tarko ga masu abin hawa na lantarki. Na'urorin da aka yi wa mota da moto na fetur da yawa ba sa jure fiye da volt 36, alhali batirin keke mai caji yana da volt 48, 60 ko 72. In aka haɗa su kai tsaye, na'urar ta ƙone nan take. Sai an nemi mai jure volt 90 ko 100, ko a haɗa ta bayan na'urar da ke sauko da wuta zuwa volt 12.

Idan Bluetooth ya ƙi haɗuwa

A nan wayar ce ake fara tuhuma. Daga Android 6 zuwa 11, manhaja ba ta iya neman na'urar Bluetooth ta zamani sai an ba ta izinin sanin wuri kuma an kunna «Localisation». Mutane da yawa suna hana izinin don suna ganin batir ba shi da haɗi da taswira, sai manhajar ta yi ta juyi ba ta ga komai ba. Daga Android 12 an ware izini na dabam mai suna «Appareils à proximité». A shiga «Paramètres», a nemi manhajar, a duba izinin da aka ba ta.

Na biyu, akwai Bluetooth iri biyu. Tsohon iri sai an fara haɗa shi a saitin waya, lambarsa galibi 1234 ko 0000. Sabon iri, wanda kusan duk allunan BMS ke amfani da shi, daga cikin manhajar ake haɗa shi. Wayar iPhone ba ta aiki da na'urorin OBD masu arha na tsohon iri, sai na sabon ko na Wi-Fi.

Na uku, na'urar mutum ɗaya take saurare a lokaci guda. In wayar direba na riƙe da ita, ko wata manhajar a waya ɗaya, ta mai abin hawa ba za ta shiga ba. A kashe Bluetooth a sauran wayoyin tukuna. Akwatin ƙarfe da aka rufe batir a ciki shi ma yana rage nisan sigina, a matso kusa. Wasu allunan BMS kuma suna yin barci in batir ya daɗe ba a taɓa shi ba, sai an sa caja ko an danna maɓallinsu suke farkawa.

Na huɗu, ingancin kayan. Yawancin na'urorin OBD masu arha kwaikwayo ne na wani guntu mai suna ELM327 na wani kamfanin Kanada. Jabun kan karanta bayanan injin fetur, amma ya kasa umarnin da ake bukata wajen karanta batirin motar lantarki. Kuma bayanan batir ba iri ɗaya ba ne a duk motoci, dole a zaɓi ainihin samfurin motar da shekararta a cikin manhajar. Haka ita ma manhajar: wadda aka turo ta Xender daga wayar aboki ko daga shagon caji sau da yawa tsohuwa ce, ko ta wani kamfanin BMS ce dabam. A ɗauko ta daga Play Store ko App Store, ko ta lambar QR da ke jikin takardar kayan.

Idan tafiya ta yanke ko kilomita bai yi daidai ba

In wayar ce da kanta ke rubuta tafiyar, babban mai laifi shi ne tsarin tattalin caji. Wayoyin Tecno, Infinix da itel, waɗanda suka fi yawa a hannun jama'a, suna kashe manhajar da ke aiki a ɓoye da zarar allo ya mutu, haka ma manhajojin share waya irin su Phone Master. Magani shi ne a cire manhajar daga jerin waɗanda ake wa tattali, a ba ta damar tashi da kanta, a sa izinin wuri a kan «Toujours autoriser», a kuma kunna ainihin wuri maimakon na kusa-kusa. Tun daga Android 11, waya tana janye izini da kanta daga manhajar da aka yi watanni ba a buɗe ba. Zafi ma yana da hannu: wayar da aka ɗaura a kan sitiyarin moto cikin ranar Afrilu takan rage aiki ko ta mutu don ta kare kanta.

In na'urar GPS ce, a san yadda take lissafi. Tana bukatar ganin taurari aƙalla huɗu, kuma a fili kuskurenta ba ya wuce ƴan mitoci. A ƙarƙashin rumfar kwano ko cikin gareji sigina na karkacewa, sai a ga moton da ke ajiye tana yawo a taswira, tana tara ɗaruruwan mitoci cikin dare. In taurari sun ɓace gaba ɗaya, wasu na'urori sukan nuna wurin eriyar da suke ji a maimakon nasu. A cikin gari bambancin kaɗan ne, a karkara yana iya kai kilomitoci. Da yawan manhajoji suna rubuta LBS a gefen irin wannan wurin, alamar kada a dogara da shi. Wajen ɗaurawa, kada a rufe fuskar na'urar da ƙarfe. Roba da soso ba sa hana sigina, ƙarfe yana hanawa.

Nisan tafiya kuma ana samun sa ne ta haɗa ɗigo da ɗigo. Abin hawa mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kilomita guda a minti ɗaya. In na'urar tana aika wuri sau ɗaya a minti, duk kwanar da ke tsakani ta ɓace, jimillar ta gaza ta gaskiya. In aka sa daƙiƙa 10, ɗigon na zuwa kusan kowane mita 170, zanen ya bi hanya. Miƙaƙƙen layin da ya ratsa gonaki ba ya nufin direba ya bar hanya, wurin da rezo ya ɗauke ne. Shi ma agogon abin hawa ba ma'asumi ba ne, juyin taya yake ƙirgawa, in an sa tayar da ba girmanta ba sai ya yi ƙari ko ragi. Bambancin kashi kaɗan cikin ɗari tsakanin su biyun ba abin tada hankali ba ne. In kuwa bambancin ya kai fiye da rabi, a duba ko ɗaya na ƙirga mil ne: mil guda kilomita 1,6 ne, wato tafiyar Maraɗi zuwa Dakoro za ta fito kusan 75.

Idan sa'a ta saɓa

Wannan ƙaramin kuskure ne mai raba mutane. Taurarin GPS suna ba da lokacin duniya, Nijar tana gaba da shi da awa ɗaya, China da awa takwas. Na'urar da aka bari a saitin masana'anta ta China za ta nuna tafiyar ƙarfe 4 na yamma a matsayin ƙarfe 11 na dare. Wadda aka bari a lokacin duniya za ta yi baya da awa guda. Sabar da ke bin agogon Faransa kuwa za ta yi daidai da namu a lokacin sanyi, ta yi gaba da awa ɗaya daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba. Ana saita lokaci a wuri biyu, cikin na'urar da cikin asusun manhajar, kuma in an ƙara awar a duka biyun wani lokaci sai ta ninka. Gwajin ba wuya: a tada abin hawan a gaban ido, a duba agogo, a ga abin da manhajar ta rubuta. Hausawa na cewa zato zunubi ko da ya zama gaskiya. Kafin a tuhumi direba da yawon dare, a yi wannan gwajin.

Idan kason caji yana tsalle

Babu na'urar da ke auna kason caji kai tsaye, ƙiyasi ne. Batirin litiyom nau'in LFP, wanda ya fi yawa a kayan sola da kekuna, ƙwayoyi ne da aka jera, kowace tana ba da volt 3,2. Guda 16 su ne ke ba da volt 51,2. Halin wannan nau'in shi ne ƙarfinsa kusan ba ya motsi daga kashi 20 har wajen 80, don haka BMS ba ya iya gane saura nawa ta duban volt kaɗai. Ƙirga wutar da ta shiga da wadda ta fita yake yi, kuma ƙaramin kuskure yana taruwa kullum. Inda kuran ke yawan ɗaukewa, ana yi wa batir caji guntu-guntu ba ya cika, sai ƙiyasin ya yi ta nisa da gaskiya. Magani shi ne a bar shi ya cika har caja ta tsaya da kanta, lokaci-lokaci, domin a nan ne BMS ke gyara lissafinsa.

A duba kuma girman batirin da aka rubuta a manhajar. In batir na Ah 50 ne aka rubuta 100, zai mutu allo yana nuna rabi. Lissafin ƙarfin da batir ke ɗauka mai sauƙi ne: volt sau Ah, a raba da 1000. Batirin volt 60 mai Ah 50 yana ɗaukar kWh 3. Ƙaramar motar lantarki tana cin tsakanin kWh 15 da 20 a kilomita 100, yashi mai laushi, kaya masu nauyi, iska da na'urar sanyi kuma duk suna ƙara ci. Kada a yi mamaki in mitar Nigelec ta nuna fiye da abin da manhaja ta ce ya shiga batir, kashi 10 zuwa 20 na tafiya a matsayin zafi wajen caji.

Shafin da ya fi kowane amfani shi ne mai nuna volt ɗin kowace ƙwaya. In batir yana hutawa, ya kamata su yi kusa da juna, bambancin bai wuce ƴan milivolt goma-goma ba. In guda ɗaya ce kullum ke riga sauran faɗuwa ko cika, da tazarar milivolt 100 ko fiye, to a nan manhajar gaskiya take faɗa: ƙwayar ko mahaɗarta ce ke da rauni, kuma ana iya gyara ta ba sai an sake batir ɗungurungum ba. Sai zafi. Yawancin masu ƙera batirin litiyom suna iyakance caji a maki 45, a watannin Afrilu da Mayu kuwa zafin Dakoro a inuwa ma yana wuce 40. BMS ɗin da ya ƙi karɓar caji da tsakar rana aikinsa yake yi. A kai abin hawan inuwa, a bari ya huce. Kada a ɗaga iyakar zafi ko ta volt a cikin manhaja don a tilasta masa, nan ne gobara ke farawa. Batirin dalma irin na da, mai ruwa ko busasshe, galibi ba shi da BMS, kason da ake gani a kansa daga volt kawai aka ƙiyasta shi, shi ya sa yake faɗuwa in an taka ya dawo in an tsaya.

Idan caji na zurarewa a ajiye

Wani lokaci manhajar ce da kanta ke jawo ɓarna. Haƙori na 16 a ramin OBD yana da wuta ko mota a kashe take, don haka na'urar da aka bari a soke tana tsotsar ƙaramin batir na volt 12. Motar lantarki ma tana da wannan ƙaramin batirin, in ya mutu ba za ta tashi ba ko da babban a cike yake. A zare na'urar in motar za ta kwana biyu a ajiye. Manhajar da ke shiga ta asusun kamfani kuma, in tana yawan tambayar motar, takan hana kwamfutarta barci. A kunna saitin da ke barin mota ta yi barci, kada kuma a haɗa manhajoji biyu ko uku a mota ɗaya.

Idan ƙofar kamfani ce ta rufe

Manhaja iri ta uku a gidan wani take zaune, mai gida na iya canja makulli. A watan Oktoba 2023 Tesla ya fito da ƙofarsa ta hukuma ga masu manhajoji, mai suna Fleet API, a farkon 2025 kuma ya fara karɓar kuɗi a kanta, abin da ya tilasta wa da yawansu canja tsari ko farashi. Canja kalmar sirri ta asusu shi ma yana yanke izinin da aka ba manhaja, sai an sake haɗa ta. Ga motar da aka shigo da ita ta hannu akwai ƙarin cikas biyu: asusun yana iya kasancewa da sunan tsohon mai ita, layin wayar da aka gina a cikinta kuma na Turai ne ko Amurka ko China, ba lalle ya kama a Nijar ba. Ko a can ma yana mutuwa. A Ingila, Nissan ya rufe manhajar tsofaffin motocin Leaf daga 1 ga Agusta 2024 saboda shirin kashe 2G. Wanda zai sayi irin wannan motar, ya fi masa ya dogara da na'urar OBD da ke hannunsa.

Kafin a goge manhaja ko a danna «Effacer les données», a fitar da tarihin tafiye-tafiye a ajiye. Masu aiki ta Bluetooth a cikin waya suke adana shi, in ya tafi ya tafi. «Vider le cache» kuwa ba ya taɓa tarihi, da shi ake farawa.

Sirri da haƙƙin mutane

Na'urar da ke gaya wa mai moto inda motonsa take, za ta gaya wa duk wanda ya san lambar sirrinta. A 2019 masu bincike na kamfanin Avast sun gano na'urori kusan dubu 600 da aka bari da lambar masana'anta, 123456. A 2022 hukumar tsaron intanet ta Amurka ta yi gargaɗi kan samfurin MiCODUS MV720, wanda ɗan kutse zai iya kashe wa inji daga nesa. A canja lambar tun ranar farko, ta manhaja da ta SMS da ta BMS, a kuma tabbatar wanda ya ɗaura bai bar lambar wayarsa a matsayin mai iko ba.

Bayanin wurin da mutum yake yana cikin bayanan sirri da doka ta kare. Nijar ta yi dokar farko a kan haka a 2017, ta sake ta a watan Disamba 2022, hukumar HAPDP ce kuma dokar ta ɗora wa sa ido. A gaya wa direba cewa akwai na'ura a jikin abin hawan, a saka shi cikin yarjejeniya. Maƙala ta a abin hawan wani ba da saninsa ba, ko ɗan'uwa ne ko iyali, shiga haƙƙi ne. In an yi sata, a kai bayanin wurin ga ƴan sanda ko jandarma, kada a bi ɓarawo da kai. Kada kuma a yanke wa abin hawa wuta daga nesa yana cikin gudu, akwai rai a kansa da kuma a gefen hanya.

Lokacin da za a nemi mai gyara

In an bi duk matakan nan, layi da kuɗi, izinin waya daidai, an gwada wata wayar, abin bai warware ba, sai a kira gwani. A tafi masa da sunan samfurin, lambar IMEI ta na'urar, hoton allo mai nuna saƙon kuskure, da lokacin bayani na ƙarshe. Abu uku ne ba a jira a kansu: batirin da ya kumbura, mai wari ko hayaƙi, da wanda ya yi zafin da hannu ba ya iya taɓawa. A cire caja, a fitar da shi fili nesa da ɗaki da zana. Wayoyi masu ruwan lemo a motar lantarki kuma ɗaruruwan volt ne a cikinsu, ba na taɓawar kowa ba ne.

Abu na ƙarshe ba ya bukatar rezo. Ƙaramin littafi da ake rubuta lambar agogon abin hawa safe da yamma, da sa'ar fita da ta dawowa, da ranar sabunta layi, wanda mai abin hawa da direba duk suke gani, shi ne ma'aunin da ake gwada manhajar da shi ranar da gardama ta taso.